Daga Ibro Zuwa Iron Man: Ɗan Kallo Ma Yana Ƙoshi

Jiya da daddare muna zaune a wurin mai shayi nan Wudil, wani ƙanina ɗalibi a jami'ar Aliko Dangote ya ce shi kam ya haƙura da finafinan Marvel. Wannan fa yaron da a da ba ya barci sai ya sauke sabon fim ɗin su Spider-Man a waya. Na ce me ya yi zafi? Ya ce, "Yaya, duk abu ɗaya ne. Duniya za ta tashi, a taru a cece ta, a ce a jira na gaba." Na yi dariya, domin mu da muka girma da kaset mun taɓa ganin irin wannan a gida.

Bari mu fara da nasu. Iron Man ya fito a 2008, daga nan kamfanin ya riƙa jero finafinai masu haɗe da juna har zuwa Avengers: Endgame a 2019, wanda ya tara kusan dala biliyan 2.8. Bayan nan sai suka buɗe famfo, ga fim a sinima ga masu dogon zango a Disney+, har ya zama in ba ka kalli biyar ba, ba za ka gane na shida ba. A 2023 The Marvels ya tashi da ɗan abin da ya haura dala miliyan 200, mafi ƙaranci a tarihinsu. Shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, da bakinsa ya yarda yawan ya taɓa inganci, ya ce za su rage.

To mu dawo gida. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a Kano a 1990, shi ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar fim ɗin Hausa na bidiyo. Wajen shekara goma bayan haka Sangaya ya zo ya girgiza kasuwa, Wasila ya biyo baya. Masu shirya fim suka ga inda kuɗi yake, kowa ya yi can. Saurayi ɗaya 'yan mata biyu, uba ya ce sai ɗan gidan Alhaji, a shiga lambu a yi waƙa, a canza kaya a sake wata. Labarin da bai fi awa ɗaya ba a raba shi na ɗaya da na biyu, wani har na huɗu. Mun saya, mun yi haya, mun kalla, har ranar da muka fara danna gaba in waƙa ta zo. Da kasuwar CD ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, an ɗora laifin kan masu satar fasaha da masu tura fim a waya. Gaskiya ne sun yi ɓarna. Amma mu faɗi ɗaya gaskiyar: da yawanmu mun riga mun ƙoshi tun kafin nan.

Mu 'yan wannan yanki muna da misali mafi kusa. Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, ɗan Ɗanlasan ta Warawa, a kwalejin horon malamai ta Wudil ya yi karatu, ya yi aikin gidan yari kafin ya koma wasa gaba ɗaya. In ana maganar sunan da shi kaɗai yake sayar da fim, to Ibro ne namu. Ibro Awilo, Ibro Usama, Ibro Aloko, sunan ne a gaba, sauran bayani ya biyo baya. Me ya sa ya daɗe ana yayinsa? A ganina don kunnensa yana kan titi. Abin da ake hira a kai a tasha da kasuwar Kara ranar Juma'a, ko waƙar da ta cika gari, ko labarin da aka ji a rediyo, shi zai ɗauko ya juya shi. Mutumin ɗaya ne, amma zancen na yau ne. Da ya rasu a watan Disamba 2014, Allah ya jiƙansa, masu barkwanci da yawa sun fito, wasu sun yi suna, amma ba wanda ya sa hular ta zauna masa daidai. Haka Marvel: sun kashe Iron Man a 2019, sai ga shi a 2024 sun sanar da dawo da Robert Downey Jr. a wani matsayi daban. Sun gane riga ba ta wasa da kanta.

Harkar gem ma tana da nata tarihin. A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta rushe saboda an cika ta da tarkace, har kamfanin Atari ya binne kaset ɗin da suka yi kwantai a wani juji a jihar New Mexico, aka tono su a 2014. Nintendo ta Japan ce ta farfaɗo da kasuwar, kuma ɗaya daga dabarunta ita ce taƙaita yawan gem ɗin da kowane kamfani zai fitar a shekara. Mu kuwa da PlayStation muka waye. Wa ya manta gidan gem? Benci, ƙarar janareta, warin fetur, ka biya kuɗin wasa ɗaya, wanda aka ci ya tashi ya ba da hannu. Ƙwallon Konami ce sarauniya. Yau Konami ta canza sunan PES zuwa eFootball tun 2021, ta mai da shi kyauta, sai dai ka sayi 'yan wasa a ciki. EA ta rabu da sunan FIFA a 2023. Kusan rabin kuɗin da harkar gem take samu a duniya yanzu daga waya yake fitowa. Shi ya sa yaron da a da zai saci jiki ya tafi gidan gem, yanzu yana kwance a ɗaki da PUBG ko Free Fire, kuɗin da zai ba mai shago ya koma data. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Amma ni abin da nake kewa shi ne taron: musu, tsokana, da abokan da ka samu a kan bencin.

Abin da ya sa na yi wannan dogon rubutu shi ne finafinanmu masu dogon zango. Su suka ceto masana'antar. Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a Arewa24, Labarina na Aminu Saira, Izzar So a YouTube, sun dawo da mutanen da suka yi fushi da fim ɗin Hausa, har iyayenmu mata. To amma yanzu kowa ya koma can, kamar yadda aka yi bayan Sangaya. Wani shirin za ka kalli kashi uku ba abin da ya motsa, sai doguwar gaisuwa da tuna baya, don dai a cika minti a samu talla. Gidan mai kuɗi, rikicin gado, kishiya, shi ke nan. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Idan Disney da duk dukiyarta ta ji a jikinta, furodusan da ya ci bashi ya yi fim fa? Bayansa akwai mai kyamara, mai haske, mai abinci, direba, duk da iyalansu.

Ɗan kallo ba ya rubuta takardar sallama. Rana ɗaya kawai zai ga sabon kashi ya fito, ya ce sai anjima, anjimar ba za ta zo ba. Marubutanmu su koyi rufe labari tun ana marmarinsa, su kuma sa kunne a titi kamar yadda Ibro ya yi.

Ku fa, wane shiri kuka daina bi, kuma a zango na nawa kuka sauka? Ku faɗi gaskiya, ba za mu kai ƙara ba.