Tsakanin Idon Sawu da Kwalta: Yadda Takalmin Babur Ya Sami Siffarsa

Babur ya daɗe a duniya kafin a yi masa takalmi nasa na kansa. Mahayan farko aro suka yi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Birtaniya masu kai saƙo a kan babura ƙirar Triumph da Douglas sun hau ne da irin shigar mahaya doki, domin a idon hafsoshin lokacin babur doki ne mai shan fetur. Dogon takalmin fata yana tare ƙwauri daga taɓo da zafin inji, iyakar abin da ake nema a wurinsa ke nan. Giya ma da hannu ake sa ta, don haka aikin ƙafa bai kai na yau ba.

Aro na biyu daga Amurka ya fito. A ƙarshen shekarun 1930, kamfanoni irin su Chippewa da Wesco suna ɗinka wani dogon takalmin aiki mai kaurin fata, wanda ake dangantawa da masu zuba wa jirgin ƙasa kwal. Ba shi da igiya, sai maɗauri guda a bayan ƙafa da wani a sama. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu babur suka karɓe shi hannu bibbiyu, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne: igiyar takalmi kan saƙale a feda ko a sarƙa, doguwar fata kuwa tana tsakanin ƙafa da salansa. Da Marlon Brando ya fito da shi a fim ɗin The Wild One a 1953, sai ya zama alamar jarumta, har yau kuma akwai masu sayensa don wannan kaɗai. Aibinsa a ɓoye yake. Takalmin da ake zurawa ba tare da an ɗaure ba, haka yake iya fita ba tare da an kwance ba, kuma ba ya hana idon sawu murɗewa.

Likitoci sun fara ne daga kai, kuma ba su yi kuskure ba. Mutuwar T. E. Lawrence a 1935, bayan ya faɗi daga babur a Ingila, ita ta ja hankalin ɗaya daga cikin likitocinsa, Hugh Cairns, zuwa ga raunin kai. Bincikensa ya sa rundunar sojan Birtaniya ta wajabta hular kwano a 1941. Raunin kai kisa yake yi. Raunin ƙafa kuwa gurgunta mutum yake yi, ya raba shi da sana'arsa, abin da ba ya shiga lissafin mamata. Sai a 1981, da Harry Hurt da abokan aikinsa suka fitar da rahoton haɗurran babur 900 da suka bi diddigi a yankin Los Angeles, aka ga girman lamarin: rabin raunukan jiki, ban da kai da wuya, daga cinya zuwa tafin ƙafa suke. Rahoton ya kuma faɗi abin da masu sayar da kaya ba su cika son ji ba, wato takalmi mai kauri yana rage ƙujewa da yanka, waɗanda suke da yawa amma ba safai suke tsanani ba. Karaya da murɗewa wata matsala ce daban, fata kaɗai ba ta maganinta.

Maganin ya zo daga inda ba a zata ba, daga masu ɗinkin takalmin hawan dutse da na zamiya a kan ƙanƙara a kewayen Montebelluna, a arewa maso gabashin Italiya. A nan aka kafa Sidi a 1960, Gaerne a 1962, Alpinestars a 1963. Waɗannan mutane sun riga sun san yadda ake riƙe idon sawu kada ya karkata, domin mai zamiya a kan ƙanƙara da hakan yake tsira. Da tseren babur a kan turɓaya da tuddai ya bunƙasa a Turai, suka kai wannan sani can: ƙarfe ko roba mai tauri a gaban ƙwauri, maɗaurai masu kullewa a madadin igiya, tafi mai ƙarfi da ba ya naɗewa. Zakaran duniya Roger De Coster, ɗan Beljiyam, yana cikin waɗanda suka fito da sunan Alpinestars.

A nan ne rikicin ya fito fili. Tun ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Velocette ya kawo sa giya da ƙafa, Harley-Davidson ma ya bi sahu a 1952. Ƙafa ta zama mai aiki: hagu tana ɗaga giya tana dannawa, dama tana taka birki, dukkansu kuma suna bukatar jin abin da suke taɓawa. Takalmin da ya sandare ƙafa ɗungurungum ya kare ta daga murɗewa, amma ya hana ta aikin da zai sa a kauce wa haɗarin tun farko. Ga shi kuma ba ya tafiyuwa. Wanda ya sauka daga babur da shi tafiyar agwagwa yake yi. Dabarar da aka cimma daga baya ita ce raba motsi biyu. Aka sanya gaɓa a daidai idon sawu, mai barin ƙafa ta lanƙwasa gaba da baya, ta hana ta karkata gefe ko wuce iyaka. Kusan duk takalmin tsere mai daraja a yau a kan wannan tunani aka gina shi.

Ma'aunin Turai mai lamba EN 13634, wanda ya fara fitowa a 2002, bai yi kamar babu wannan ciniki ba. Bugunsa na 2017 yana sanya lambobi huɗu a jikin takalmi, kowace 1 ko 2: tsawo, jure gogar ƙasa, jure yanka, da jure matsa daga gefe. Na ƙarshen shi ne gwajin ranar da babur ya kwanta a kan ƙafar mai shi. Mataki na 1 sai tafin ya jure nauyin da ya kai kimanin kilo 100, na 2 kimanin kilo 150. Da aka bar gajeren takalmi mai rufe idon sawu ya sami shaida, an amince ke nan cewa mai zuwa ofis ba zai sa kayan tsere ba, kuma gara a auna abin da zai sa ɗin. Binciken da Liz de Rome ta jagoranta a Ostareliya, wanda aka buga a 2011 kan mahaya 212 da suka yi haɗari, ya ƙarfafa wannan: ko takalmin da ba na babur ba ne, muddin ya rufe idon sawu, ya fi takalmin gudu nesa ba kusa ba.

Zafi ne bai sami gamsasshiyar amsa ba. Yadin Gore-Tex, wanda ya samo asali daga abin da Bob Gore ya gano a 1969, ya magance ruwa da sanyi, damuwar mahayin Jamus ko Ingila. Bai yi wa mai babur a Kano ko Maraɗi komai ba a watan Afrilu, lokacin da kwalta ke turiri, ga alwala da shiga masallaci da ke sa a cire takalmi sau da yawa a yini. Silifas ɗin da ake gani a kan feda ba duka ba ne ganganci. Akwai tsada, akwai kuma takalmin da ba a ɗinka shi da wannan rana a zuciya ba. Kamfanoni sun fito da masu huji-huji da masu raga don iska ta ratsa, wasunsu da zif a gefe, amma kowane huji ragi ne daga fatar da za ta haɗu da ƙasa.