Wa Ya Ƙirƙiro Ƙarfen Da Ba Ya Tsatsa?

A 2013 birnin Sheffield na Ingila ya yi bikin cikar ƙarfe mara tsatsa shekara 100, kuma duk inda aka ambaci wannan lissafi sai gardama ta tashi. Mutanen Ingila sun ce ɗansu Harry Brearley ne ya fara narka shi ranar 13 ga Agusta, 1913. Jamusawa sun ce kamfanin Krupp ya riga shi, domin tun a Oktoban 1912 aka nemi rajistar haɗin da Benno Strauss da Eduard Maurer suka yi. Amurkawa kuma sai su kawo sunan Elwood Haynes. A ganina duk sun bar jaki suna dukan taiki. Tambayar da ta dace ita ce, me ya hana a samu wannan ƙarfe shekara casa'in kafin lokacin?

Sirrin ba ɓoyayye ba ne. An gano sinadarin kuromiyam a Faransa a 1797, kuma a 1821 Pierre Berthier ya lura cewa ƙarfen da aka gauraya da shi yana jure asid, har ya ba da shawarar a yi wuƙaƙe da shi. Aka yi ta gwadawa, abin na fitowa da gautsi. A 1892 Robert Hadfield, wanda ba ƙaramin masani ba ne, ya jiƙa nasa samfurin a asid mai ƙarfi, ya yanke hukunci cewa kuromiyam ɓata ƙarfe yake yi.

Matsalar kabon ce. Idan kuromiyam ya kai wajen kashi 11 cikin 100, yana haɗuwa da iska ya yi wata fata siririya a saman ƙarfen, wadda ido ba ya gani. Ko an karce ta, sai ta sake rufewa da kanta. Amma idan kabon ya yi yawa, sai ya kama kuromiyam ɗin ya ɗaure shi, ya hana shi wannan aiki. Kuromiyam ɗin da maƙeran ƙarni na 19 ke samu cike yake da kabon, domin da gawayi ake fitar da shi daga dutsensa.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Hans Goldschmidt, Bajamushe, a 1895. Ya yi amfani da garin alminiyam a madadin gawayi, ya samu kuromiyam kusan tsantsa. Dubi abin da ya biyo baya. A 1904 Léon Guillet ya yi nazarin haɗe-haɗen da suka yi daidai da waɗanda ake amfani da su yau, ko da yake bai mai da hankali kan tsatsa ba. A 1911 Philip Monnartz ya bayyana yawan kuromiyam ɗin da ake bukata. Sai Krupp a 1912, sai Brearley a 1913. Ƙasashe daban-daban ba sa isa wuri ɗaya cikin shekara goma sai in wani ya buɗe musu ƙofa, kuma abin yana damuna yadda ba a cika jin sunan Goldschmidt a wannan labari ba.

Ban rage wa Brearley komai ba. Ɗan talaka ne da ya bar makaranta yana shekara 12, ya fara da wankin kwalabe a ɗakin gwaji. Maganin zaizayewar bututun bindiga yake nema lokacin da ya haɗa ƙarfe mai kuromiyam kashi 12.8 da kabon kashi 0.24, ya ga asid ɗin da yake gwaji da shi ya ƙi cin sa. Shi ya hango wuƙar tebur a ciki. Iyayen gidansa na kamfanin Firth ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba, sai ya kai wa Ernest Stuart na kamfanin wuƙaƙe na Mosley, wanda ya san yadda zai taurara ƙarfen. A 1915 Brearley ya bar aikin saboda saɓani kan haƙƙin mallaka. Magajinsa W. H. Hatfield ne ya fito da haɗin 18/8 a 1924, wato kuromiyam 18 da nikel 8, wanda ya bi sawun na Krupp. Shi ne ake yin tankunan madara, bututun masana'antun magani da kwanukan silba masu kyau da shi har yau.

Ko arahar da ta kawo wannan ƙarfe kicin ɗin talaka, yaƙi da kabon ne ya haife ta. Daga 1968 aka fara hura iskar oksijin gauraye da argon cikin narkakken ƙarfe a Amurka, kabon ya ƙone kuromiyam ya tsira. Yanzu ƙasar Sin ke yin fiye da rabin abin da duniya ke samarwa, alhali mafi yawan dutsen kuromiyam yana ƙarƙashin ƙasar Afirka ta Kudu, da wani kaso mai tsoka a Zimbabwe. Ana kwasar sa ɗanye a jiragen ruwa, cokula da kuloli su dawo kasuwanninmu. Da yawa cikinsu an rage musu nikel an cike da manganis don sauƙin farashi, shi ya sa uwargida ke ganin jan ɗigo a gindin tukunyar da aka rantse mata ba ta tsatsa. Ya kamata hukumomin kula da ingancin kaya su tilasta a buga lambar haɗin, 304 (wato 18/8) ko 201 (mai manganis), a jikin kowane kwano.