Daga Masauki Zuwa Gidan Haya: Tarihin Ɗaki a Sabon Ibadan

A shekarar 1916 aka yanka wa Hausawan Ibadan wannan fili da muke kira Sabo. Kafin nan kakanninmu suna raɓe ne a gidajen Yarbawa a cikin gari. Tun 1912 jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano, shanu na gangarowa, goro na hawa, baƙi kuwa kullum ƙaruwa suke.

A wancan zamani gida jari ne, amma ba don haya ba. Falke ya sauka, maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in cinikin na bashi ne. Ribar maigida tana cikin la'ada. Yaron gida in ya yi hankali, maigida zai yi masa aure ya ba shi ɗaki. Baturen nan Abner Cohen, wanda ya zauna da iyayenmu, ya rubuta wannan tsari a littafinsa na 1969.

To, me ya sauya? Tireloli suka karɓe aikin jirgi, kara ta yi nisa da unguwa, waya ta zo, mai kaya ya daina buƙatar masauki. Iyayen gida suka rasu, magada suka raba gidaje ɗaki-ɗaki. Gari ya kewaye mu, fili bai ƙaru ba, mu kuwa mun ninka. Sai ɗakin kansa ya zama haja.

Yau sai ka biya hayar shekara a dunƙule, ga kuɗin ejan, ga na yarjejeniya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin ya ƙara ƙamari. Magidanci na cinye jarinsa a haya. Miji da mata da 'ya'yan da suka balaga suna ɗaki guda. Samari na kwana a shago da barandar masallaci, aure ya gagara. Wasu sun tura iyali Arewa, karatun yara ya katse. Rigingimun ma'aurata da ake kawo mana sulhu, in ka tona, sau tari haya ce a ƙasa.

Ba mu ce magada su bayar kyauta ba, su ma siminti da kwano sun yi musu tsada. Amma a karɓi haya wata-wata, a jinkirta wa wanda kasuwa ta juya wa baya, masu hali kuma su yi waƙafin ɗakuna. Kakan kowannenmu baƙo ne da wani ya buɗe wa ƙofa. Allah Ya rufa mana asiri.