Tarihin Muhawara a Kan Bitamin D da Ruɓewar Haƙoran Yara

Wannan sashe zai waiwayi yadda masana suka fara danganta bitamin D da ruɓewar haƙori, wato abin da Bahaushe ke kira tsutsar haƙori. Kafin a san da wani abu wai shi bitamin, ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne na W. D. Miller, wani likitan haƙori Ba'amurke da ya yi aiki a Balin. A littafinsa na 1890 ya nuna cewa ƙwayoyin bakteriya da ke cikin baki su ne ke sarrafa ragowar abinci ya yi tsami, tsamin nan kuma shi ke cinye ɓawon haƙori. Ke nan a wurinsa cutar daga waje take shiga.

Sabon ra'ayi ya ɓullo ne ta dalilin wata cuta daban, wato rikets, wadda ke sa ƙashin yaro ya yi laushi har ƙafa ta yi baka ko gwame. Cutar ta addabi 'ya'yan talakawa a biranen Ingila masu masana'antu, inda hayaƙi da cunkoson gidaje suka hana yara samun rana. A 1919 Edward Mellanby ya nuna cewa 'yan kwikwiyon da aka tsare a ɗaki ana ba su kunun hatsi suna kamuwa da cutar, kuma man hantar kifi yana warkar da su. A 1922 Elmer McCollum a Amurka ya tabbatar da cewa sinadarin da ke cikin man ba bitamin A ba ne, aka sa masa suna bitamin D.

Matar Edward, wato May Mellanby, ita ce ta kai maganar ga haƙori. Tun a 1918 ta lura cewa kwikwiyon da aka hana wannan sinadari haƙoransu kan fito da ɓawo mai kaushi da ramuka. Daga nan ta kafa hujja cewa haƙorin da bai ginu da kyau ba tun yana cikin dasashi shi ne ya fi saurin ruɓewa. Ita da C. Lee Pattison suka gwada wannan a kan yaran da ke jinyar tibin ƙashi a wani asibiti a Shefild, suka wallafa sakamakon a 1924 da 1928 da 1932. Sun ba da rahoton cewa yaran da aka ƙara wa bitamin D da madara, aka kuma rage musu hatsi, sabuwar ruɓewa ta ragu a bakinsu, har wasu ramukan suka daina faɗaɗa. Hukumar binciken likitanci ta Birtaniya ta sa aka maimaita gwajin a gidajen renon yara na Bamingham, rahotonta na 1936 kuma ya goyi bayan May. A ganin mai wannan nazari, raunin gwajin Shefild a fili yake: yaran majiyyata ne, ba su da yawa, sannan abincin da aka cire wa hatsi ya rage abin da bakteriya ke ci, don haka da wuya a ce ga abin da ya yi aikin.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai iska ta juya. A 1945 aka fara zuba sinadarin fuloraid a ruwan famfo na garin Grand Rapids a Amurka. Binciken Vipeholm na ƙasar Suwidin, daga 1945 zuwa 1953, ya nuna ɓarnar da alewa mai danƙo ke yi, ko da yake an yi shi ne a kan masu taɓin hankali ba da yardarsu ba, abin da ake tir da shi a yau. Hankali ya koma kan sukari da fuloraid. Ƙungiyar likitocin Amurka ta yarda bitamin D na da amfani ga haƙori, ta likitocin haƙori kuwa ta ƙi, alhali hujjojin da suka duba iri ɗaya ne.

Philippe Hujoel ne ya sake tono maganar a 2013. Ya tattara gwaje-gwaje 24 da suka shafi yara 2,827, ya sami raguwar ruɓewa da kimanin kashi 47 cikin ɗari, amma shi da kansa ya yi gargaɗi cewa yawancinsu tsofaffi ne kuma tsarinsu na da rauni.

Ya kamata a yi hattara wajen ɗora wannan tarihi a kan ƙasar Hausa, inda rana ba ta yankewa. Binciken Thacher da abokan aikinsa a Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya shafi yara 123 masu rikets. An gano cewa kalsiyam ɗin da suke samu a abinci bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai samun sauƙi. Abincin yaran galibi hatsi ne, madara kuwa kaɗan.