Daga Kafireto Zuwa Ƙwaƙwalwar Mota: Abin da Na Gani a Sana'ar Wayarin

Lokacin da mahaifina ya ɗauke ni daga Zakirai ya damƙa ni a hannun maigidana a birnin Kano, wajen ƙarshen shekarun 1980, Fijo ce sarauniyar hanyarmu. Daga Gezawa har Ringim ba ka ganin komai sai 504 da a-kori-kura, yawancinsu haɗin Kaduna, inda kamfanin PAN ya fara aiki a 1975. A zamanin nan kowa ya san gonarsa. Mai da kafireto na bakanike ne. Mu masu wayarin namu batir ne da kik da kwayil da fitilu da hon. Kayan gwajinmu kuwa ƙwan fitila ne guda da aka ɗaura wa waya biyu: in ya kama akwai wuta, in bai kama ba ka bi layi har ka tarar da inda ya tsinke.

Bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, balle manomi. Sai 'yan Kwatano suka fara kwararowa, tsofaffin motocin Turai da Amurka, su Golf da Honda da Toyota. Can a Jamus tun 1967 kamfanin Bosch ya sa wa Volkswagen tsarin da lantarki ke auna mai yana fesawa, amma mu sai a shekarun 1990 ya same mu a gareji, ba littafi ba malami.

Ranar da na fara ganin an buɗe irin wannan inji, maigidana ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce da ni, "Yaro, ina kafireton?" Babu. Sai nozul, da dunƙulen wayoyi da suka nufi wani akwati a ɓoye, wanda muke kira birenbos, wato ƙwaƙwalwar mota. Daga ranar nan mai ya zama aikin wuta, iyakar da ke tsakaninmu da bakanike ta rushe.

Rashin sani ya fi dare duhu, kuma shekarun da suka biyo baya a duhu muka yi su. Mun saba cire kan batir mota tana aiki don mu ga ko caji na tafiya. A Fijo ba komai, a sabuwar mota kuwa yana iya ƙone ƙwaƙwalwa nan take. Masu walda su yi aiki batir a haɗe. Masu wanki su watsa wa inji ruwa har cikin soket. Fitilar gargaɗi ta kama a dashbod, sai a zare ƙwanta. Abin da ya fi yawa shi ne juyi: Golf 3 mai nozul ɗaya, da ta fara gardama, sai a tuɓe tsarin gaba ɗaya a ɗora kafireton tsohuwar mota. Da hannuna na yi wannan aiki, kuma har yau yana damuna, domin motocin da muka juya sun riƙa shan mai fiye da da, masu su kuma talakawa ne da ke lodin gero da gyaɗa.

Na'urar gwaji ce ta fara buɗe mana ido. Amurka ta wajabta tsarin OBD-II a 1996, Turai ta bi da nata ga motocin fetur a 2001, kowace mota da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Da farko sai an kai mota birni, su Kwakwaci da manyan gareji, a biya kuɗi mai kauri a "sa mata kwamfuta". Yau ga 'yar ƙaramar na'ura da ake haɗawa da wayar hannu, almajirina ma yana da ita a aljihu.

Sai dai ta zo da nata ciwon. Mutane sun ɗauka kwamfuta tana faɗin abin da ya lalace. Unguwa kawai take nuna maka, gidan kai za ka nemo.

Wani direba ya taɓa kawo mini Corolla tana kakkarwa kamar mai zazzaɓi. An sa mata na'ura a wani wuri ta nuna P0303, aka tura shi kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo nozul, sannan kwayil, sannan fulogi, ciwo na nan. Ya ce, "Malam, kuɗin takina duk sun tafi." Ita wannan lamba abin da take nufi shi ne silinda ta uku ba ta ƙone mai daidai, ba ta faɗi dalili ba. Na ɗora bakin sukundireba a kan nozul, na kanga ƙotar a kunnena. Uku suna ƙyas-ƙyas-ƙyas, ta ukun shiru. Na zare soket na sa mita: nozul lafiya lau, tana cikin om 12 zuwa 16 da aka san irinta da shi. Ƙafa ɗaya akwai wuta da an murɗa makulli. Ɗaya ƙafar, wadda ƙwaƙwalwa ke ba wa as (wato haɗi da jikin mota) tana ɗaukewa don nozul ta buɗe ta rufe, babu motsi. Na tambaye shi inda motar ke kwana, ya ce gindin rumbu. Na warware tef ɗin wayoyin, sai ga shatar haƙorin ɓera, waya ta rabu biyu. Dalma da tef suka gama aikin.

Irin wannan shi ne mafi yawan abin da nake gani a ƙauye: ɓera, ƙurar hunturu a cikin soket, wayar as da ta yi tsatsa, rile da zafi ya gajiyar, da man galan mai datti da ke kashe famfon mai. Ƙwaƙwalwa ba kasafai take mutuwa da kanta ba, amma ita ake fara ɗora wa laifi don ita ce mai tsada. Ko ƙwan gwajinmu na da yanzu na hana yarana sa shi a layin ƙwaƙwalwa, domin yana jan wuta da yawa. Ƙaramar fitilar LED muke sawa.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, direba yana ƙirga kowace lita, nozul mai zuba ko sansa mai ƙarya asara ce ta kullum. Hukumar NADDC tana horar da makanikai a kan sababbin motoci, ƙungiyarmu ta NATA ma tana nan. Roƙona gare su shi ne horon ya fito daga birni ya iso Gabasawa da Gezawa da Minjibir, kuma a yi shi da Hausa. Ku kuma 'yan'uwana masu wayarin, don Allah kada ku tura mai mota kasuwa sai kun sa mita kun auna waya.