Injin Wanki Mai Baki Biyu: Yadda Ya Shigo Fataucinmu

Da kwamitin biki ya ce a rubuta tarihin hajojin da suka riƙe ƙungiyar nan, kowa ya zaci za mu fara da atamfa, ko shinkafa, ko motoci ƴan Kwatano. Waɗannan suna da masu ba da labarinsu, kuma sun fi mu baki. Mu a ofis injin wanki muka zaɓa. Dalili kuwa, da muka kakkaɓe tsofaffin littattafan rajista, mun yi ta cin karo da shi a ƙarshen layi, bayan an gama lissafa manyan kaya: firji kaza, talabijin kaza, sai injin wanki ɗaya ko biyu. Bai taɓa zama babbar haja ba, amma akwai gidaje da yawa a cikinmu da shi ya ɗora musu tukunya, kuma yau sana'ar tana neman kuɓuce mana.

Iyayenmu ba da kayan lantarki suka fara ba. Maraɗi garin gyaɗa ne, har farin 1973 da 1974 ya karya ta. Kafin nan, lokacin yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, Alhazan garin sun riga sun koyi ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano su tsallaka da su Katsina da Kano. Hanyar kowa ya san ta: Kwatano, Paraku, Kandi, Malanbil, a haye gadar Kwara a faɗa Gaya, sannan Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, Madawa, Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya. Taba da yadi ne suka fara bin ta. Ko da Najeriya ta rufe iyaka daga Afrilun 1984 zuwa Maris 1986, hanyar ba ta mutu ba, sai dai ta koma cikin daji.

Abin da ya buɗe wa kayan hannu ƙofa shi ne tsadar sabo. A 1986 Najeriya ta shiga shirin tsuke bakin aljihu, naira ta fara zubewa. A watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Faran ɗin Faransa da ake canzawa dala goma ya koma dala ashirin a dare ɗaya. Ma'aikacin da jiya yake iya shiga kanti ya nuna sabon firji, yau sai dai ya tsaya daga waje. Daga nan kasuwar tsofaffin motocin Turai ta tumbatsa a Kwatano, kuma a cikin cikin waɗannan motoci injin wanki ya iso mana. A birnin Burussal akwai wani layi da ake kira Heyvaert, matattarar dillalan tsofaffin motoci masu zuwa Afirka. Daga can a kai su tashar Antwap a loda a jirgi. Tunda kuɗin jirgi na mota ne, wanda ya sayi ƙaramar bas ba ya barin ta ta taho fanko. Sai ya danƙara mata katifu, tayoyi, tukwane, rediyo, ya cusa injin wanki a bayan kujera, a kulle ƙofa. Shi ya sa har yau mutanen Kano ke kiran irin wannan kaya Beljiyam, ko da daga Jamus ko Italiya ya fito.

Me ya sa na Turai ya karɓu, na Amurka bai karɓu ba? Wuta ce. Turai da Nijar da Najeriya duk ƙarfin wutarsu ɗaya, bolt 220 zuwa 230, ita kuwa Amurka 120 take amfani da shi. Injin Amurka sai an haɗa shi da taransifoma, kuma ko an haɗa ba ya juyi yadda aka tsara shi. Akwai ma wani ɗan bambanci da tsofaffin dillalanmu ke rabon kaya da shi tun kafin su kwance igiya: injin da ya zo da fulogi mai ƙafa uku masu faɗi daga Ingila yake, a ajiye shi gefen Jibiya, mai ƙafa biyu zagayayyu na Faransa ne ko Jamus, ya kwana a Maraɗi ko ya wuce Damagaram.

Shi injin kansa ya girme fataucinmu nesa ba kusa ba. Wajen 1908 wani kamfani a Chikago ya fara sayar da mai aiki da lantarki, sunansa Thor. A 1937 Bendix ya fito da wanda ke jan ruwa ya wanke ya ɗauraye ya matse da kansa, sai dai dole a ɗaure shi da noti a ƙasa don kada ya yi ta rawa cikin ɗaki. Amma wanda ya shafe mu shi ne mai baki biyu: tukunya ɗaya ta wanki, ɗaya ta matsa, a jere cikin akwati guda. Kamfanin Hoover, da ya buɗe masana'anta a garin Merthyr Tydfil na Birtaniya a 1948, ya fitar da nasa mai suna Hoovermatic a 1957, ya cika gidajen Ingila da shi. Japanawa ma suka yi nasu, National da Sanyo da Toshiba, marasa nauyi. Da Turawa suka koma wa mai ƙofa a gaba, sai mai baki biyu ya zama tarkace a wurinsu.

Abin da suka raina shi da shi, shi ne ya sa ya dace da mu. Mai baki biyu ba ruwansa da famfo; da bokiti ake cika shi, ko ruwan ɗan garuwa ne. A ruwa ɗaya mace za ta wanke farare, ta bi da masu launi, ta ƙare da tsummoki, sannan ta saki tiyo a rariya. Wutar da yake ci kaɗan ce, ƙaramin janareta ma yana ɗaukarsa. Cikinsa kuwa ba wani asiri: moto, bel, kwandansa, da agogon da ake murɗawa da hannu. In moto ya ƙone, mai naɗin kwayil ya sake naɗa shi. In bel ya tsinke, a samo wani a wurin masu kayan mota. Mai ƙofa a gaba kuwa sarki ne, sai an yi masa fadanci. Yana son ruwa mai ƙarfi daga famfo, in ba haka ba ya tsaya yana ƙugi. Abin dumama ruwan da ke cikinsa kaɗai yana jan wajen wat 2,000, shi ya sa aikin farko da makanikanmu ke yi masa shi ne cire wannan waya. Wa ke neman ruwan zafi a Maraɗi cikin watan Afrilu? Ga nauyi, domin masu ƙera shi suna ɗaura masa tubalin kankare don ya zauna daram lokacin matsa. Ƴan dakon da suka taɓa sauke shi daga saman tirela ba sa manta shi.

Masu saye ma ba waɗanda aka zata ba ne. Gidan mai kuɗi yana da mai wanki, bai ga abin da inji zai ƙara masa ba. Ƴan wanki da guga da farko gaba suka yi da shi, suna cewa yana cinye shadda, yana kashe mata ƙyalli. Kuma ba ƙarya suka yi ba. Babbar riga mai aiki har gobe hannu take so. Amma da suka ga yadda yake gamawa da zannuwan gado da barguna da kayan makaranta, su ne suka zama manyan abokan cinikinmu. Bayansu sai ƙananan otal, da ɗakunan shan magani, da matan da ke aikin gwamnati. Daga baya ya kutsa cikin kayan ɗaki, har ta kai wata uwar amarya ba ta jin ta gama jere sai ta ga injin wanki a lungu, ko da gidan da za a kai ƴarta ba a ja masa wuta ba.

Nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya, tunda mu ne da mu. Da ciniki ya yi daɗi, sai aka daina zaɓe. Aka koma sayen kwantena a rufe, kaya ba gwaji, kowa da sa'arsa. Injunan da suka biyo baya kuma ba irin na da ba ne. A maimakon agogon murɗawa sai aka sa musu kati mai ƙwaƙwalwa, wanda wuta in ta yi sama ta yi ƙasa sau ɗaya ya tafi ke nan, kuma ba mai naɗa shi. Wasunmu sun san inji matacce ne, suka wanke shi da omo, suka goge, suka sayar wa mutumin ƙauye da ba zai iya dawowa ba. Shari'o'in da ke cikin littafin sasantawa na ƙungiya kan kayan lantarki, mafi yawansu wannan ne tushensu. Ribar wata guda aka ci, aka zubar da sunan da iyaye suka yi shekaru suna ginawa.

Hukumomi ma suka farga cewa wasu kwantenonin shara ce ake kawowa da sunan haja. Yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 tun da can sun yi magana kan jibge wa ƙasashe datti mai guba. A 2012 Tarayyar Turai ta sabunta dokarta, ta ce mai fitar da tsohon kayan lantarki ya nuna shaidar an gwada yana aiki. Gana ta hana shigo da tsofaffin firji daga 2013. Daga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma mun ga cewa a cikin mota injin ke tafiya. Sai rufe iyaka na Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya, gadar Gaya ta rufe, kaya suka koma Lome, suna ratsa Burkina da rakiyar soja ta Kaya da Dori da Tera. Inji mai nauyin buhu da rabi, mai ƙaramar riba, ba ya jure wannan kuɗin hanya. Ana cikin haka Sin ta cika kasuwa da sabon mai baki biyu na roba, a kwali, da takardarsa. Shi ɗin dai ne da Turawa suka yar, ya dawo da sabuwar riga.

Wani abin da yawancinmu ba mu sani ba, sai da yaranmu masu waya suka nuna mana: a can inda injunan suka fito, tsofaffin sun zama abin nema. Akwai masu tara su kamar yadda wasu ke tara tsofaffin motoci, su gyara, su yi musu fenti, su yi ta cigiyar murfi ko maɓallin da ya ɓace. A garin Eaton na jihar Kolorado, wani tsohon malamin jami'a mai suna Lee Maxwell ya tara fiye da dubu, har littafin Guinness ya sa sunansa. Masana'antar Merthyr Tydfil ta daina ƙera injin wanki tun 2009, don haka duk Hoovermatic ɗin da aka fasa ba wani da zai maye gurbinsa. Ba muna cewa kowa ya kwashi tarkacensa ya nufi Turai ba ne; kuɗin jirgi kaɗai ya cinye ribar, kuma masu tarawar ba su da yawa. Amma mu a nan guduma muke sa musu. Ƴan gwangwan na biyan kuɗin tagullar moto da ƙarfen jiki a kan sikeli, cikin awa guda inji ya zama tsibi uku. Tare da shi ake fasa motocin da makanikanmu ke buƙata don raya wasu injunan goma da ke aiki a shagunan wanki.

Saboda haka kwamiti ya tsayar da abu biyu, kuma an ce mu sanar a nan. Na farko, duk ɗan ƙungiya da zai sayar da injin wanki na hannu, ya kunna shi gaban mai saye, da ruwa a ciki, ya wanke ya matse; wanda ba ya aiki a faɗa cewa na kayan gyara ne, a yi masa kuɗin kayan gyara. Wanda aka kawo ƙararsa a kan saɓa wannan, ƙungiya ba za ta tsaya masa ba. Na biyu, an ware ɗakin ajiya na bayan ofis. Wanda yake da tsohon mai baki biyu na ƙarfe a sito ko a bayan gida, kafin ya kira mai sikeli ya sanar da mu; makanikai za su duba, a biya shi abin da ya fi kuɗin kilo. Mai kyawun ciki za a ajiye shi, a rubuta sunan wanda ya shigo da shi da hanyar da ya biyo.

Guda ɗaya ya riga ya iso. Iyalan wani dattijonmu da ya rasu, Allah ya jiƙansa, suka aiko da shi a amalanke, da fulogin Ingila a jikinsa da bel ɗin mota a cikinsa. An sa masa wuta ranar Laraba, ya tashi. Mai son gani ya zo ofis bayan la'asar, makullin yana hannunmu.