Aƙidar Kiristocin Bishara da Yadda Ta Shiga Zaman Yau da Kullum a Arewacin Nijeriya

Kiristocin nan da Turawa su ke kira 'yan Ibanjelika sun samo sunansu ne daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar kyakkyawan labari, watau bishara. Ba ɗariƙa guda ba ce mai shugaba ɗaya, gama ana samunsu cikin Angilikan da Baftis da Metodis da sauransu. Abin da ya tara su shi ne aƙida, wadda David Bebbington, masanin tarihi na Birtaniya, ya taƙaita cikin 1989 bisa ginshiƙai huɗu. Na fari, Littafi Mai Tsarki shi ne hujjar ƙarshe a kan bangaskiya da hali. Na biyu, mutuwar Yesu Almasihu bisa gicciye ita ce fansar zunubi. Na uku, ba a gadon ceto, sai kowane mutum ya tuba da kansa ya sami sabuwar haihuwa. Na huɗu, wanda ya tuba wajibi ne ya kai wa waɗansu labari, ya kuma nuna tubarsa cikin aikinsa. Nufin wannan takarda shi ne a nuna yadda ginshiƙan nan suka zama al'adar gida da gona da kasuwa, da kuma yadda na farinsu ya taɓa tarihin harshen Hausa.

Asalinta a Ingila

Saiwar aƙidar tana cikin gyaran addini na Martin Luther a ƙarni na 16, amma ba ta tashi da kamanninta sosai ba sai wajen 1730 zuwa 1740, a Ingila da Amurka. Ran 24 ga Mayu, 1738, John Wesley ya halarci wani taron addu'a a titin Aldersgate na London, inda ya ce ya sami tabbacin gafara a zuciyarsa. Cikin 1739 George Whitefield ya shiga yi wa masu haƙar kwal na Kingswood wa'azi a fili, Wesley kuwa ya bi sawunsa.

Tun daga 1742 aka rarraba mabiyan Wesley ƙungiya ƙungiya, kowace wajen mutum goma sha biyu, suna taruwa kowane mako, kowa ya ba da kwabo, shugaba ya tambaye shi halin da ya ke ciki. Dokokin da ya kafa musu cikin 1743 sun hana maye, da ciniki ran Lahadi, da sayen kayan fasa-ƙwauri, da cin bashin da mutum ya san ba zai iya biya ba. Tun da ya ke kowa sai ya karanta Littafi da idonsa, sai makarantun Lahadi suka yaɗu, musamman bayan wadda Robert Raikes ya buɗe a Gloucester cikin 1780. Daga wannan jama'a ƙungiyar mishan ta C.M.S. ta fito cikin 1799, da ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki cikin 1804, haka kuma William Wilberforce, wanda ya ja gaba har majalisar Ingila ta hana fataucin bayi cikin 1807.

Neman ƙasar Hausa

Masu wannan aƙida sun daɗe suna begen ƙasar Hausa. J. F. Schön na C.M.S., wanda ya biyo Kwara cikin 1841, ya buga nahawun Hausa cikin 1862 da ƙamus cikin 1876, da taimakon wani Bahaushe, Dorugu. Cikin 1893 samari uku suka sauka Ikko da niyyar shiga Arewa, watau Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Biyun fari suka mutu cikin 1894, Bingham ya rage, shi ya kafa ƙungiyar S.I.M. Cikin 1900 ayarin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarkin Kano Alu ya sallame su. Likita Walter Miller na cikin ayarin, shi ne ya zauna Zariya daga 1905, kafin mishan ta koma Wusasa cikin 1929. Ƙungiyar S.U.M. kuwa ta fara sauka Wase cikin 1904.

Amma fa bayan cin Sakkwato cikin 1903 Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka taƙaita shigar mishan ƙasashen sarakunan Musulmi shekaru da yawa. Sai suka juya wajen ƙabilun Filato da kudancin Zariya da Tangale da bakin Binuwai. A can suka tarar da harsuna barkatai, ba su da ikon juya Littafi duka cikin kowanne. Hausa kuwa ta riga ta zama harshen fatauci da na haƙar kuza da na mulki. Don haka da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa cikin 1932, aikin da Miller da abokansa suka sha wahalarsa, sai ya zama littafin dubban mutane waɗanda ba Hausa suka tsotsa ba.

Masu fassarar ba su ƙaga kalmomi da yawa ba, sun ɗebo ne daga rumbun da malaman Musulunci suka riga suka cika: Allah, addu'a, zunubi, tuba, sujada, annabi, Almasihu. Waɗansu kalmomi kuma, kamar alheri da ceto da bangaskiya, an ɗora musu sabon nauyi. Alheri a bakin mai wa'azi ya wuce kyautar mutum ga ɗan'uwansa, ya zama gafarar da Allah ke bayarwa ba don aikin bawa ba.

Cikin gida da gona

Wanda ya ce ya tuba ba nan da nan a ke yi masa baftisma ba. Yakan shiga ajin koyo, wani lokaci shekara ɗaya ko fiye, ana duban halinsa, a da kuwa a wurare da yawa akan so ya iya karatu tukuna. Ta haka manoma da matan aure suka koyi boko da yamma a ɗakin sujada. Maigida yakan tara iyalinsa da asuba ko bayan tuwon dare, a karanta aya, a yi waƙa, a yi addu'a. Ran Lahadi a jingine fartanya. Da kaka a kai ushirin dawa ko acca majami'a.

Tsadar abin ba kaɗan ba ce. An hana burkutu, alhali da shi a ke gayyar noma da biki, saboda haka wanda ya bar shi yakan rasa masu taya shi huɗa. An hana yanka ga kakanni da shiga asirin dodo, har dangi su ɗauki mai tuba maci amana. Mafi wuya duka shi ne auren mace fiye da ɗaya, domin yawancin mishan sun ƙi yi wa mai mata biyu baftisma, gidaje da yawa kuwa suka shiga tsaka mai wuya, tsakanin sakin uwar 'ya'ya da zama a bakin ƙofar ikilisiya. Har ila yau waɗansu Turawan sun so karatu ya tsaya ga iya karanta Littafi, sai da mabiyansu suka matsa kafin manyan makarantu su yawaita.

Ginshiƙi na huɗu shi ya hana aikin zama na Turawa kaɗai. Yawancin ƙauyuka ba Bature ya kai musu labari ba, mai bishara ne ɗan ƙasa, wanda ya ke noma abincinsa yana wa'azi da Hausa. Mata suka kafa Zumuntar Mata, suna gaida marasa lafiya, suna koya wa juna karatu. Cikin 1954 ikilisiyoyin S.I.M. suka tsaya da ƙafarsu da sunan E.C.W.A., na S.U.M. da waɗansu suka haɗa tarayyarsu cikin 1955. Aikin jinya kuma ya buɗe musu ƙofofin da wa'azi ya kasa buɗewa, kamar gidajen kutare na Kano da Katsina da Sakkwato, da asibitin Galmi a Nijar, wanda aka buɗe cikin 1950.

Abin lura ga mai nazarin Hausa

Waɗanda suka zo neman Hausawa kaɗan suka samu cikin Musulmi, ko da ya ke sun sami mabiya cikin Maguzawa. Amma aƙidar da ta ce kowa ya karanta da kansa ta ɗauki harshen ta kai shi duwatsun da Hausawa ba su taɓa mallaka ba, ta mai da shi harshen addu'a da waƙa da wasiƙa. Hausar majami'a tana da kalmominta da karin maganarta da littafin waƙoƙinta. Duk mai rubuta tarihin yaɗuwar Hausa, in ya ƙirga fatake da malamai da ma'aikatan En'e, ya kamata ya ƙirga da mai bishara na ƙauye.